Mai Kai Karatu

Kalmar fasaha ta daɗe a bakin Bahaushe kafin a ɗora mata nauyin da take ɗauke da shi a yau. Daga Larabci muka aro ta, kuma a wurin kakanninmu fasihi shi ne wanda ya iya fitar da magana fes, ta isa kunnen mai sauraro ba tare da ta zube a hanya ba. Mawaƙi fasihi ne, haka ma malamin da zai warware mas'ala mai wuya har ƙaramin ɗalibi ya gyaɗa kai. Da injuna suka zo, muka rasa sunan da za mu kira ilimin ƙera su da shi, sai muka miƙa wa kalmar wannan sabon aiki. Yanzu in an ce fasaha, kwamfuta da waya ne suke faɗo wa mutum a rai. Na kammala digiri na biyu a fannin da ake kira fasahar koyarwa, kuma in aka nemi in taƙaita abin da na fito da shi daga shekaru biyu da 'yan watanni na karatu, zan ce tsohuwar ma'anar kalmar ita ce ta fi dacewa da fannin. Aikinmu shi ne isar da karatu ga wanda ake nufi da shi, da harshen da yake ji, a matakin da ya tsaya. Na'ura takan taimaka a wannan aiki, wani lokaci kuma ta zama ƙarin kaya a kan mai ɗauka.

Kafin in koma jami'a, na yi shekara bakwai ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare ta ƙauye. Yara sun fi ƙarfin ajin, kaɗan a kan benci, mafi yawansu a ƙasa. A layi ɗaya za ka sami yarinyar da ta iya haɗa baƙi da wasali har ta karanta jimla, kusa da ita kuma ga yaron da bai rabe baƙin farko da na biyu ba, amma darasi ɗaya manhaja ta ce in ba su, a cikin lokaci ɗaya. In na bi mai sauri, na bar masu yawa a baya. In na tsaya jiran na baya, mai sauri ta gaji ta koma wasa. Tambayar da ta hana ni sakat a shekarun nan guda ce: ta yaya malama ɗaya za ta kai ga kowane yaro a inda yake? Ita ce ta ɗauke ni daga ajin ta kai ni zauren jami'a.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa tambayar kaifi. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona. A birane 'ya'yan masu hali suka ci gaba da darasi ta intanet. Jihohi da dama suka sa darussa a rediyo da talabijin, kuma wannan abin yabo ne. A ƙauyen da nake koyarwa kusan kowane gida akwai rediyo, amma ta maigida ce, tare suke fita gona ko kasuwa. Lokacin da ake gabatar da darasin kuwa, yaran suna ɗiban ruwa, ko talla, ko kiwo. Wanda ya dace ya saurara, babu mai tsaya masa ya ce sake faɗa in ji. Da aka buɗe makarantu bayan watanni, na tarar yara da yawa sun koma inda muka faro. Karatun ya taso daga gidan rediyo lafiya lau, ya ratsa iska, ya iso har ƙofar gida, a nan ya tsaya. Tafiyar da ta rage masa taku kaɗan ce, daga zaure zuwa tsakar gida, amma babu mai ɗaukarsa.

A zangon farko na karatunmu mun bi tarihin fannin, sai na ga abin da ya faru da mu ba sabon abu ba ne. A 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa ba da jimawa ba fim zai kori littafi daga makarantu. An sake yin irin wannan alkawari da rediyo ta fito, aka sake yi da talabijin. Maƙwabciyarmu Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a 1964 da taimakon Faransa. Kwaddibuwa ta bi sahu a 1971 da shiri mai girma, wanda aka dakatar a farkon shekarun 1980. A 2005 Nicholas Negroponte ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutarsa, duniya ta ɗauka da murna. Ƙasar Peru ta sayi kwamfutocin fiye da 800,000, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a sakamakon yaran na lissafi da na harshe ba. Yara sun ƙware a taɓa na'urar, karatun kuwa yana nan inda yake.

Masanan fannin sun daɗe suna jayayya a kan dalili. A 1983 Richard Clark ya kwatanta kafofin koyarwa da motar dakon abinci: motar tana kawo kaya, amma ba ita ke gina jikin mai ci ba. Abin da ke sa koyo, in ji shi, shi ne hanyar da aka tsara darasin. A farkon shekarun 1990 Robert Kozma ya mayar masa da martani cewa kowace kafa tana da abin da ta iya wanda wata ba ta iya ba, saboda haka ba a raba hanya da abin da ya ɗauko ta. Misalin da ya fi zauna mini a rai ya fito ne daga Nikaraguwa, inda masana daga Jami'ar Stanford suka fara koyar da lissafi ta rediyo a 1974. Muryar da ke rediyon takan yi tambaya, ta yi shiru, yara su amsa da ƙarfi ko su rubuta, sannan ta faɗi amsar daidai. A cikin aji ake sauraro, malami yana tsaye, kuma in an gama shi ke ci gaba da aikin. Yaran sun fi takwarorinsu da ba su bi shirin ba. Rediyon dai ita ce irin wadda muka saurara a 2020. Bambancin shi ne can an bar wa yaro gurbin amsawa, an kuma ajiye mutum kusa da shi.

Ina cikin karanta waɗannan abubuwa na riƙa waiwayen gida, domin mu ma muna da tarihin da ba ya cikin littattafan da aka ba mu. A ɗauki allo. Kowane ɗalibi da nasa, kuma abin da ke rubuce a allon wannan ya bambanta da na maƙwabcinsa. Daga babbaƙu ake farawa, a shiga farfaru, a wuce zuwa haɗa kalma. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam abin da ke kai, malam ya gamsu, sannan a yi masa ƙari. Manyan ɗalibai suna duba ƙanana. Allo ba ya neman caji, in ya tsage kuma masassaƙin unguwa ya san gyaransa. A 1984 Benjamin Bloom ya ba da rahoton cewa ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ba a wuce da shi gaba ba sai ya ƙware, yakan yi wa mafi yawan 'yan ajin gama-gari nisa, ya kuma ƙalubalanci masana su nemo hanyar da za a samar wa aji guda irin wannan amfani. A Indiya ƙungiyar Pratham ta yi suna da tsarin raba yara bisa matakin karatunsu maimakon shekarunsu. Ba na rufe ido ga halin da ɗimbin almajirai suke ciki a yau na yunwa da rashin kulawa. Wannan ciwo ne da yake buƙatar maganinsa. Amma dabarar da ke cikin allo, ta cewa kowa ya tafi da ƙafarsa kuma kada a ƙara masa sai ya riƙe na hannunsa, dabara ce da manyan kamfanoni suke kashe kuɗi mai yawa a yau don su koya wa kwamfuta.

Sai kuma Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Matsalar da ta fuskanta ta yi kama da tamu: mata a ƙauyuka masu nisa, waɗanda aure da reno ba za su bar su su yi tafiya neman ilimi ba. Ta zuba darussa a cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa da Larabci, domin waƙa tana zama a ka, ana tafiya da ita ba tare da takarda ba. Sannan ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar muƙaminta. Jaji ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan da suka bari a gida. In aka auna wannan tsari da ma'aunin fanninmu, babu abin da ya rasa. An san masu koyo da abin da ya tare su, an zaɓi harshensu, an sa darasi a mazubin da zai jure tafiya, an kuma ɗora shi a hannun mutumin da ake yarda da shi a cikin gida. Takun nan kaɗan daga zaure zuwa tsakar gida, jaji ce take yin sa.

Da lokacin rubuta kundin bincike ya zo, na zaɓi in je makarantun karkara da aka taɓa ba kyautar na'urori, in ga yadda ake amfani da su. A fiye da wuri ɗaya na tarar da su a kulle cikin kabad a ofishin hedimasta, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Ban ga laifin mutanen ba da na ji bayaninsu. Wani dattijon hedimasta ya ce mini, “Malama, ni na sa hannu na karɓe su. In ɗaya ta fashe, albashina za a taɓa. Wuta kuma kin ga ba mu da ita.” A wata makarantar an kafa sola, batirin ya mutu, babu wanda ya san wurin da za a kai kuka. Inda na sami na'urorin suna aiki, darussan da ke ciki da Turanci ne, muryar kuma ta wata ƙasa, tana magana a kan abubuwan da yaran ba su taɓa gani ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. An yi lissafin kuɗin sayen kayan, ba a yi na wuta da gyara da horar da malami da fassara ba.

A cikin wannan zagaye ne na haɗu da wata malama 'yar aji ɗaya wadda ba ta taɓa jin sunan Clark ko Kozma ba. Da ƙaramar wayarta take ɗaukar muryarta tana karanta darasin mako, a hankali, tana barin gurbi yaro ya maimaita. Ranar kasuwa ta kai wa saurayin da ke cajin waya, wanda yake tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a katin waya, ta roƙe shi ya riƙa sa wa iyayen yaran da suka zo caji. Ta kuma rubuta kalmomin a takarda ta raba wa yara. Da dare uwa ta kunna, yaro ya bi da yatsa a kan takarda, wani lokaci uwar ma ta bi. Babu data, babu intanet, babu kwangila. Malamar ta lura da hanyar da ta riga ta buɗe, wadda finafinan Kano da wa'azi da waƙa suke bi su shiga kowane lungu, sai ta ɗora karatu a kai. Da ɗan gari kan ci gari. Babi mafi ƙarfi a kundina a kan aikinta na gina shi.

Duk inda na juya kuma sai in ci karo da maganar harshe. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan aiki. Littattafan Hausa da aka tsara mataki-mataki don mai fara karatu ba su kai ko'ina ba. A waya da kwamfuta kuma mukan yi sakaci da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, sai ƙura ta koma kura, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Babba yakan gane daga zubin magana, amma yaro mai koyon haɗa sauti da baƙi ruɗewa yake yi. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, ana yi mata irin alkawarin da aka yi wa fim da talabijin. Daga rubutun da mutane suka tara take koyo, rubutun Hausa kuma kaɗan ne in aka kwatanta da yawan masu jin harshen. In ba mu rubuta mun kuma rubuta daidai ba, malamin da za a ƙera wa 'ya'yanmu zai zo da Hausar da ba tamu ba.

Ban daɗe da kare kundina ba wani kamfani mai sayar wa makarantu na'urori ya yi mini tayin aiki a babban birni. Albashin ya ninka abin da na taɓa karɓa sau da yawa. A gidanmu magana ce babba, domin karatun nan ba ni kaɗai na yi shi ba: Inna ta riƙe mini yara, Yaya ya biya kuɗin zango fiye da sau ɗaya, maigidana ya yi haƙuri da tafiye-tafiye. Baffa ya kira ni ya ce, “Ke 'yar nan, arziki ya zo har ƙofa. Ƙauyen nan da kika baro, me kika ajiye a can?” Na ce, “Baffa, ku yi mini afuwa. Aikin da za su ba ni shi ne in shawo kan makarantu su sayi kaya, ni kuwa na ga kabad ɗin da kayan suke kwana.” Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, “To, Allah ya yi jagora. Amma ki sani, mutane za su tambaye mu abin da digirin ya haifar.” Tambayarsa gaskiya ce, kuma bashi ce a kaina. Ban raina masu wancan aiki ba, akwai masu gaskiya a cikinsu. Na dai san cewa tambayar da ta fito da ni daga aji ba a can amsarta take ba.

Abin da na ƙudura shi ne in koma karkara da aikin da ya yi daidai da ƙarfina. Zan fara da darussan karatun Hausa na aji ɗaya zuwa uku, gajeru, waɗanda aka ɗauka da muryoyin malaman yankin, kowanne da gurbin amsawa irin na Nikaraguwa da takarda ɗaya da yaro zai riƙe. Za a jera su hawa-hawa kamar ƙarin allo, ta yadda malama za ta raba ajinta kashi-kashi: waɗannan su zauna da waya suna bin darasin da ya dace da su, ita kuma ta koma kan waɗanda suka fi buƙatar hannunta. Za su yi aiki a ƙaramar waya ba tare da intanet ba, su kuma bi hanyar masu caji. Duk abin da muka rubuta ko muka ɗauka za mu sake shi kyauta, kowa ya kwafa, ya gyara ya dace da karin harshen yankinsa, ko a Katsina yake ko a Damagaram.

Darasi a kati ba zai kai kansa ba, saboda haka rabin aikin na mutane ne. Ina son a kowace unguwa a sami mace mai mutunci, ko tsohuwar malama, ko wadda ta gama sakandare aure ya zaunar da ita, wadda za ta tara yara da iyaye mata na ɗan lokaci a tsakar gida, ta kunna, ta saurari amsa, ta gyara. Ba ni da malfar da zan naɗa mata, amma zan nema mata horo da ɗan alawus da girmamawar da ta cancanta. Malaman aji kuma su ne ginshiƙi. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da malamai daga nesa suna bakin aikinsu, don haka tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Abin da nake son ƙarawa shi ne malamin ƙauye ya zama mai ƙirƙirar darasi, a ji muryarsa, a sa sunansa, kamar yadda malamar nan ta yi ba tare da kowa ya umarce ta ba.

Na kuma ɗaukar wa kaina alkawari a kan ma'auni. A fanninmu an saba ƙirga na'urorin da aka raba, da malaman da suka halarci bita, da hotunan ranar ƙaddamarwa. Ni abin da zan ƙirga shi ne yara nawa ne suka iya karanta gajeren labari su faɗi abin da ya ƙunsa, kafin mu fara da bayan mun yi shekara. In sakamakon ya nuna hanyar ba ta yi ba, zan rubuta haka, in buga, domin wanda zai zo bayana ya san inda ramin yake. In Allah ya nufa na yi digiri na uku, daga wannan aiki zai fito, kuma ina fatan in rubuta wani sashe nasa da Hausa, yadda malaman da suka ba ni lokacinsu za su karanta abin da aka faɗa a kansu.

Na san nauyin da ke gaba. Kuɗi ba su da tabbas, rashin tsaro ya sa wasu ƙauyukan sun yi wuyar shiga, wasu makarantun ma an rufe su. Yunwa tana fitar da yaro daga aji fiye da yadda darasi mai daɗi zai dawo da shi, kuma babu katin waya da zai gina aji ko ya biya malami albashinsa. Waɗannan haƙƙi ne a kan hukuma, ba zan yi kamar na'ura za ta sauke mata su ba. Nawa rabon ƙarami ne, na kuma san iyakarsa. A damina mai zuwa, in da rai da lafiya, zan fara da makaranta uku, da malaman da suka amince, da masu caji biyu da na riga na yi magana da su. Ranar da yarinya 'yar aji biyu ta ɗauki takarda ta karanta wa mahaifiyarta labari daga farko har ƙarshe, ita ce ranar da zan je in ba Baffa amsarsa.